Neman shawara: ƙaton kare na gadin tumaki, Kangal ko Kokeshiyan?

Baban Amira, Shika: Salamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da warhaka. Don Allah shawara nake nema. Ina da 'yar gona bayan Shika ta hanyar Giwa, tumaki ne balami da 'yankasa sai awaki kaɗan, to abin da ya dame ni yanzu karnukan gari masu yawon dare sun gano wurin suna shigowa suna kashe min 'yan raguna, ga kuma masu ɗan hali da ke tsallako katanga da zarar babbar sallah ta matso. Yarona ya nuna min wani ƙaton kare a TikTok wai Kangal na ƙasar Turkiyya, wai har kyarkeci yana kora. Wani kuma ya ce Kokeshiyan zan nema shi ne ya fi samuwa a nan. Ni kuwa ban taɓa ajiye kare ba. Wanda ya san kan abin ya taimaka, wanne ya fi kuma ya ake horar da shi?

Ɗan Samaru: Wa alaikumus salam Alhaji. Kokeshiyan kawai kar ka tsaya dogon tunani, ɓarawo ya haska tocila ya ga wannan kan ko takalminsa ba zai tsaya ɗauka ba 😂

Mai Kaji, Basawa: Ɗan Samaru ka taɓa ciyar da shi kuwa ko a hoto kake ganinsa? Ni ina da shi a gidan kajina. Alhaji gaskiya kare ne mai kwarjini amma ba don garinmu aka yi shi ba, asalinsa duwatsun Kokas ne can wajen Jojiya da Armeniya da kudancin Rasha inda ƙanƙara ke zuba, gashinsa hawa biyu ne akwai dogon na sama akwai wani mai laushi cunkus a ƙasa. Lokacin hunturu Disamba da Janairu ka gan shi sai ya ba ka sha'awa, yana ta zagaye yana gurnani. Amma Maris da Afrilu idan zafi ya doshi digiri 40 wlh tausayi yake ba ni, ya tono ƙasa a gindin tankin ruwa inda ke da laima ya kwanta ya zaro harshe yana haki tun hantsi har la'asar, a wannan lokacin ko akuya ce ta shigo ba zai ɗaga kai ba. Sai kaska. Dole ka zauna ka riƙa buɗa gashin da yatsu, bayan kunne, ƙarƙashin wuya, tsakanin yatsun ƙafa, wata ta sha jini ta yi tim ba ka sani ba. Nawa dai sau biyu zazzaɓin kaska yana kwantar da shi. Idan za ka bar kare cikin tumaki a fili nemi mai gajeren gashi.

Ɗan Samaru: To ai sai a aske shi

Mai Kaji, Basawa: Ba a yi masa ƙwal-ƙwabo, rana ce za ta ƙona fatar. Tajewa ake yi a fitar da mataccen gashin na ƙasa.

Kawu, Tudun Wada: Baban Amira bari in faɗa maka abin da 'yan TikTok ba za su faɗa ba. Idan waɗanda kake tsoro masu zuwa da bindiga ne a kan babura, kare ko ya kai jaki girma harsashi ɗaya ne. Kuma ƙananan ɓarayin ma ai sun waye, nama suke jefowa da guba kwana biyu kafin su zo. Kar ka zuba kuɗin raguna uku a kan kare ka je ka yi barci da munshari.

Baban Amira, Shika: Kawu Allah ya tsare mu da waɗancan, su sai addu'a da hukuma. Ni nawa karnukan gari ne da yaran unguwa masu ɗauke ɗaya ɗaya.

Dokta: Salam. Na daɗe ina karantawa ina asibiti ne. Alhaji tunda ka fayyace matsalarka to wannan aikin kare ne, kuma yana yinsa da kyau idan an rene shi daidai. Amma kafin maganar iri akwai abin da nake so ka fara riƙewa. Karen da za ka je ka sayo da girmansa wanda ya tashi a keji a gidan wani a Kaduna ko Abuja bai taɓa jin warin tunkiya ba, ranar da ka sake shi a garke shi ne zai fara kashe maka su. Karen gadin dabbobi ɗan kwikwiyo ake ɗaukowa, kamar ɗan sati 8, a sa shi cikin tumakin ya tashi a cikinsu. Tsakanin sati 8 zuwa 16 ɗin nan shi ne lokacin da yake gane su wane ne nasa, idan ya wuce wannan lokacin a falo yara suna ɗaukarsa suna ba shi biskit to ya zama karen gida, duk dare zai bar tumakin ya zo ya kwanta a ƙofar ɗakin mai gadi.

Sannan a bambance. Akwai kare mai kora dabbobi ya tattaro su, Alseshan da muke cewa karen 'yan sanda asalinsa daga wannan layin yake, yana da son bin abu da gudu. Akwai kuma mai zama cikinsu ya tsare su, su Kangal da Akbash na Turkiyya, Alabai na Turkmenistan da maƙwabtanta, Maremma na Italiya, da wani fari ƙato na duwatsun da ke tsakanin Faransa da Sifen. Waɗannan da rana za ka ɗauka malalata ne, kwance kawai suke tsakiyar garke, da dare suke aiki.

Baban Amira, Shika: Ikon Allah. To Dokta tumakin ba za su tattake shi ba yana ɗan mitsitsi?

Dokta: Shi ya sa ba cikin babban garke za ka jefa shi ba. Ka keɓe ɗan ƙaramin shinge ka sa tumaki uku zuwa biyar masu sanyin hali ko 'yan raguna da aka yaye, banda tunkiya mai sabuwar haihuwa don ita tunkuyi ɗaya za ta yi masa ya tsani tumaki har ya mutu. A kusurwa ka buga masa katako ka bar ƙofar da shi zai iya shiga su ba za su iya ba, nan abincinsa yake nan yake gudu idan sun matsa masa, ruwan sha kuma su sha tare. Bayan 'yan makonni ka riƙa canza tumakin don ya san kowa. Alamar da za ka gane abu ya kama, idan zai shiga cikinsu yana sunkuyar da kai ya kwantar da kunne ya bi a hankali ba ya watsa su, wani lokaci ka ga yana lasar bakin tunkiya ko ya kwanta sun kewaye shi suna tuƙa. Wanda kuma ka ga yana laɓewa yana ƙura musu ido yana sanɗa, wannan ka sa masa ido sosai.

Kuma kar a ce tunda na ce ba karen gida ba ne sai a yi watsi da shi. Kullum kai ko makiyayinka ku ba shi 'yan mintoci, a kira sunansa, a sa masa abin wuya da igiya a ɗan ja shi, a taɓa ƙafafunsa a buɗe bakinsa a duba kunne. Namijin Kangal yana kai kilo 50 zuwa 60, idan bai saba da hannu yana ƙarami ba ranar da za a yi masa allura mu ne za mu sha wuya, ni an sha kirana gona in tarar da kare ba wanda ya isa ya kama shi har mai shi.

Baffa, Giwa: Assalamu alaikum. Abin da likita ya faɗa mu haka muka taso muka gani a ruga ba tare da boko ba. Karya ta haihu kusa da garke, 'ya'yan su tashi cikin maruƙa da tumaki suna shan tsarin nono, shi kenan ba wanda ya koya musu komai. In kura ta zagayo ko dila tun daga nesa za su tashi kowa. Alhaji ni shawarata kar ka raina karen ruga, namu ba sa ciwo kamar na Turawa, ba ruwansu da zafi, abin da ka ci shi za su ci. Biyu ko uku ka ajiye sun fi ƙaton nan guda ɗaya, don karnukan gari a gungu suke zuwa, ɗaya ya ja hankalin naka sauran su shiga ta baya.

Ɗan Samaru: Baffa karen ruga ai siriri ne, ɓarawo zai ji tsoronsa?

Baffa, Giwa: Ɗana zo rugarmu da dare ba sallama sai ka ba zaure labari.

Mai Kaji, Basawa: 😂😂😂 Baffa ya gama magana

Dokta: Maganar Baffa ta biyu ko uku gaskiya ce ko a can Turkiyya ba ɗaya suke sakawa a babban garke ba. Inda ƙaton ya fi shi ne gungun karnuka suna shakkar tunkararsa, yawanci ma ba a kai ga faɗa, haushi da tsayuwarsa sun isa. Kuma ga wanda ke tambayar ko Kangal zai iya da Afirka, an gwada. A Namibiya tun 1994 wata ƙungiya mai kare dabbar nan cita, wadda ta fi kowace dabba gudu a ƙasa, take raba wa makiyaya 'yan kwikwiyon irin na Turkiyya suna tashi cikin awaki, don makiyayan su daina harbe citar. Har yau ana yi kuma makiyayan sun ce asararsu ta ragu sosai. Namibiya kuwa ƙasa ce mai zafi da fari. Gashin Kangal gajere ne, launin ƙasa-ƙasa da baƙin baki da baƙin kunne, wutsiya a naɗe sama.

Matsalar ita ce samun na gaske. Turkiyya tana tsaurarawa wajen fitar da shi, asalinsa daga lardin Sivas ne kuma suna ji da shi sosai. Da yawan abin da ake tallatawa a Facebook da sunan Kangal gauraye ne, an haɗa da Boerboel, wani ƙaton karen Afirka ta Kudu, ko wani abin daban, duk kare mai baƙin baki ya zama Kangal.

Maman Hanif, Hanwa: Wannan gaskiya ne Dokta. Ƙanin maigidana ya tura kuɗi wa wani a intanet an aiko masa da ɗan kwikwiyo a motar haya cikin kwali, wai ɗan sati takwas ashe ko sati biyar bai kai ba, katin allurar da aka haɗo da shi ba hatimi ba sunan likita. Kwana kaɗan ya fara amai da zawo da jini mai wani irin ƙarni, kafin a kai shi asibiti ya mutu, mai sayarwar kuma ya toshe shi a WhatsApp. Alhaji duk wanda ba zai bari ka je ka ga uwar da idonka ba ka bar masa kayansa.

Dokta: Allah ya mayar da alheri Hajiya, wannan da alama fabo ce, ita ke kashe 'yan kwikwiyo a garin nan fiye da komai kuma ƙwayar cutar tana daɗewa a ƙasa wata da watanni, kar su kawo wani su ajiye a wurin nan kusa. Alhaji rubuta wannan. Allurar haɗaka mai kare fabo da distemfa da sauransu ana farawa daga sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati 3 zuwa 4 har ya kai sati 16. Ta haukan kare a wata 3, sannan duk shekara. Asibitin koyarwa na dabbobi na ABU yana nan Samaru kusa da kai, ka kai shi can ko wurin likitan dabbobi mai rajista a buɗe masa kati. Kar ka yarda da mai yawo da allura a aljihu, riga-kafin da ya bar sanyi ruwa ne kawai.

Ta haukan karen nan ba wasa ba ce musamman kai da karenka zai riƙa karawa da karnukan gari. Hukumar lafiya ta duniya tana ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, yawanci a Afirka da Asiya kuma kusan duka daga cizon kare ne. Idan alamu suka bayyana a jikin mutum sai dai wani ikon Allah. Duk wanda kare ya ciza a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15 a wuce asibiti ranar, ba a tsaya neman gashin karen a ƙona a shafa ba.

Malam, Ƙofar Doka: Salamun alaikum. Na ga ba wanda ya taɓo ɓangaren addini kuma na san zai zo wa Alhaji a rai ko iyalinsa su tayar da maganar. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya riƙi kare ana rage masa lada kullum, sai dai karen farauta ko na dabbobi ko na gona. To naka ya shiga cikin waɗanda aka togace kai tsaye. Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki umarni ne da ake bi. Inda malamai suka yi saɓani shi ne kuɗin kare, akwai hani a hadisi, mashhurin mazhaba bai yarda da sayarwa ba amma wasu manyan malamanmu kamar Sahnun sun halatta sayar da wanda aka yi izinin riƙewa. Wannan ka zauna da malaminka. Abin da ba saɓani a kansa shi ne haƙƙinsa, in ka ɗaure shi a rana ba ruwa ba abinci Allah zai tambaye ka.

Baban Amira, Shika: Jazakallahu khairan Malam, wlh uwargida ta riga ta tayar da maganar tun jiya.

Maman Hanif, Hanwa: Ai dole ta tayar 😄 Ni tambayata Dokta, yara fa? Gona ba ta rabuwa da almajirai masu neman itace da mata masu roron wake da yaran maƙwabta masu tsallakowa ɗebo mangwaro. Kare mai kilo sittin ya kama ɗan mutane ai ba maganar tumaki ake ba kuma, sai ofishin 'yan sanda da gaban mai unguwa.

Dokta: Tambaya mai kyau Hajiya, kuma nan ne mutane suka fi ɓata karnukan nan da hannunsu. Abu biyu. Na farko sarƙa. A ɗaure kare wuni guda a turke yara suna wucewa suna jifansa, wai don ya yi zafi, wani har barkono yake zuba masa a abinci ko ya kulle shi a ɗaki mai duhu. Wannan ranar da ya tsinke ba ya tantance ɓarawo da ɗan maigida. Na biyu masu zuwa su ce za su koya masa kamu, su naɗe hannu da buhu suna tsokanarsa ya cafka. Kar ka bari a yi wa karen garke wannan. Tsaro a jininsa yake ba sai an koya masa ba, abin da kake koya masa shi ne wa zai ƙyale. Tun yana ƙarami iyalinka da makiyayi da mai kawo dusa da maƙwabcin gona su riƙa zuwa yana ganinsu tare da kai. Ya san kira, ya san bari, ya san tafiya da igiya, ya isa. Ba irin karen da zai yi ta zauna tashi don a ba shi nama ba ne, suna da taurin kai don an yi su ne su yanke shawara su kaɗai a daji.

Sai shinge. Irin waɗannan suna faɗaɗa yankinsu da kansu, in ba katanga gonar maƙwabcinka ma tasa ce har bakin titi, kuma titin Sakkwato da tireloli ba sai na faɗa ba. Katanga ko waya ta kai kamar mita biyu kuma a toshe ƙasanta don suna tono. Daga wata huɗu zuwa biyar ka riƙa zagaya iyakar gonar da shi da igiya safe da yamma. Da rana lokacin da mutane ke shige da fice yana cikin shingen tumaki, da dare a sake shi cikin katanga. Ka je ka gaya wa mai unguwa da maƙwabta da bakinka cewa akwai kare.

Kawu, Tudun Wada: Ka kuma gaya musu su yi bankwana da barci. Akwai wani a layinmu da ya ajiye irinsu, daga sha biyun dare har kiran assalatu wuf wuf wuf kamar ana buga ganga a cikin rijiya.

Baffa, Giwa: Kawu haushin ai shi ne aikin. Mai shi kuma a hankali zai gane, akwai haushin ina nan kar a zo, akwai na tashi ga abu ya iso, ba iri ɗaya ba ne. In ka ji na biyun ka fito da tocila kar ka bar shi shi kaɗai.

Mai Kaji, Basawa: Ba wanda ya yi maganar ci, nan ne ake kuka. Alhaji buhun abincin kanti mai kilo 15 ba ya kai wa babba wata ɗaya, ka je ka tambayi kuɗinsa a Sabon Gari ka dawo mu yi magana. Ni dafa masa nake, tuwon masara ko tsakin shinkafa da kayan ciki da ƙafar kaji da nake samu, wani lokaci kan kifi ko ƙwan da ya fashe. Da sassafe nake aika yaro kwata kafin masu tsire su kwashe. Banda albasa a ciki tana lalata musu jini, banda dafaffen ƙashin kaza yana tsagewa ya huda hanji. Ragowar miyar gida mai yaji da magi ma ban ba shi.

Dokta: Mai Kaji ya kyauta da ya ce dafawa, don Allah a riƙe wannan musamman mai tumaki. Kar a jefa wa kare ɗanyen kan rago ko huhu da hanta masu ƙulli-ƙullin ruwa da mahauta ke yankewa su yar, kar kuma a bar shi ya ci mushen tunkiya. Daga nan yake ɗaukar tsila, ya yi kashi a makiyaya, tumaki su ci ƙwan da ciyawa. Wata irin tana tafiya ƙwaƙwalwar tunkiya ta yi ƙunshin ruwa, shi ne za ka ga tunkiya ta karkace kai tana ta juyawa wuri ɗaya har ta faɗi. Wata kuma mutum ma tana kamawa a hanta. Kenan karen da ka kawo ya tsare su shi zai riƙa sa musu ciwo in ba a kula ba. Maganin tsutsa mai kashe tsila duk bayan wata uku, likita zai auna nauyinsa ya rubuta.

Ƙari kan ci, ɗan kwikwiyon manyan iri ba a ɗura masa don ya yi saurin girma, kar a yi ta ba shi maganin ƙarin ƙashi, jikin yana rigan gaɓoɓin nauyi sai ƙugu ya lalace ka ga kare ɗan shekara ɗaya yana jan ƙafar baya. Ka ji haƙarƙarinsa da hannu amma kar ka gan su da ido. Babba a raba masa abinci sau biyu, kar ya cika ciki lokaci ɗaya ya tashi da gudu, masu faɗin ƙirjin nan cikinsu yana iya murɗewa ya kumbura, in ka ga yana yunƙurin amai ba abin da ke fita ciki ya yi tauri to awanni kaɗan gare ka. Kuma kar a ba shi maganin ciwon jiki na mutane, ko a wanke shi da ragowar ruwan maganin kaskar shanu yadda aka dama wa shanu.

Ɗan Samaru: Kai wannan ai ya fi riƙon mata biyu 😩 to Boerboel fa? Shi ai ɗan Afirka ta Kudu ne gashinsa gajere

Dokta: Boerboel karen gidan gona ne, ya fi manne wa mutanensa da harabar gida fiye da garke. Akwai masu haɗa shi da dabbobi ya zauna lafiya amma ba shi zan fara nuna wa wanda bai taɓa riƙe kare ba.

Alhaji saura abu ɗaya da ke sa mutane su karaya. Daga kamar wata 6 zuwa shekara ɗaya da rabi ƙuruciya ke ɗibansa, jiki ya girma hankali bai zo ba. Zai fara wasa da 'yan raguna yana bin su da gudu yana tauna musu kunne da wutsiya, shi wasa yake amma rago yana iya mutuwa da gajiya. Ana ganin haka a daka masa tsawa nan take a raba su, ba sai bayan awa ɗaya a zo da dorina ba bai san laifin me ake dukansa ba. A mayar da shi cikin manyan tumaki ko wurin rago mai ƙaho da ba ya ɗaukar raini, in ba mai sa ido a sa shi a shinge na gefe yana ganinsu ba ya taɓa su. Lokacin haihuwa ma shekarar farko kar a bar shi shi kaɗai da mai naƙuda. Sai ya doshi shekara biyu kake sakin jiki da shi.

Baban Amira, Shika: Shekara biyu Dokta?? Ni da nake lissafin kafin babbar sallar nan

Kawu, Tudun Wada: Ka ji ko. Sallar bana dai ka ƙara wa katanga tsawo ka sa fitilar sola ka samu mai kwana a wurin.

Baffa, Giwa: Alhaji in ka ga dama akwai karyarmu da ke da ciki, uban ma cikin tumaki ya tashi. In ta sauka lafiya suka yi wata biyu ka zo ka ɗauki biyu, mu ba ma sayar da kare. Ka fara koyo da su. In daga baya ka samu Kangal ɗin na gaske ka kawo shi yana ƙarami zai tarar da manya su nuna masa hanya.

Dokta: Wannan tayin kar ka bari ya wuce ka. Amma Baffa a bar ni in zo in yi wa uwar maganin tsutsa kafin ta haihu, su ma 'ya'yan a fara musu tun suna sati biyu. Kuma Alhaji in mace da namiji ka ɗauka za mu yi maganar dandaƙa nan gaba, in ba haka ba duk karnukan Shika za su dawo gonarka neman aure.

Ɗan Samaru: Ni dai har yanzu Kokeshiyan ɗina nake so, Mai Kaji in taka ta haihu ka tuna da ni

Mai Kaji, Basawa: Namiji ne malam 😂

Baban Amira, Shika: Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Baffa zan kira ka bayan isha'i. Dokta shingen 'yan kwikwiyon nan taku nawa zan yi shi, kuma wayar kaji za ta riƙe ko sai mai kauri?

Dokta: Mai kauri, ta kaji sati biyu za su yi su yaga ta. Turo min hoton garken ta gefe in ga inda inuwa take tukuna.